Inda Damo Ke Sarauta

Hantsi bai gama ɗagawa ba jirginmu na katako ya bar gaɓar Labuan Bajo, garin da ke ƙuryar yammacin tsibirin Flores a ƙasar Indonesiya. Ni da ƙanena ne, sai matuƙi da yaransa biyu. Watan Satumba ne, rani ya kai rani a can. Tun kafin mu taso na riga na shimfiɗa wa kaina kurmi mai duhu a zuci, ruwa na ɗiga daga ganye, tunda haka ake nuna mana Indonesiya a hotuna. Sai ga tsaunuka sun ɓullo daga cikin teku tsirara, ciyawarsu ta bushe ta koma ruwan ƙasa, giginyu tsaye ɗai-ɗai a kan tudu. Irin giginyar da suke kira lontar ce. Da muka matso na shaida magarya, na shaida tsamiya a cikin kwari. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 800 zuwa 1,000 ba, shi ma cikin 'yan watanni yake zuba ya ɗauke, sauran shekara sai rana da busasshiyar iska.

Abin da ya kawo mu mutanen tsibiran suna kiransa ora, duniya kuma ta san shi da sunan Komodo. Ɗan'uwan damo da guza ne na jini, sai dai yau babu ƙadangaren da ya kai shi girma a doron ƙasa. Ba a samunsa a daji sai a 'yan tsibiran nan: Komodo, Rinca, Gili Motang, Nusa Kode, 'yan tsiraru a Padar, da wasu sassan gaɓar Flores. A cikin gandun da gwamnati ta keɓe musu a 1980, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1991, yawansu duka-duka kimanin dubu uku ne.

Bayan kamar awa biyu muka sauka a Rinca, a wata mashiga da ake kira Loh Buaya, wato mashigar kada. Birai masu dogon bindi na ta tonon ƙaguwa a cikin taɓo, ko kallonmu ba su yi ba. Wanda aka haɗa mu da shi ya yi mana jagora wani magidanci ne siriri, ba bindiga ba adda, sai gwafa doguwa a hannunsa. Pak nake ce masa, yadda suke kiran duk namiji babba don girmamawa, shi ma haka yake ce mini. Kafin mu ɗaga ƙafa ya gindaya mana sharaɗi: kada kowa ya rabu da ayari, kada a yi gudu, mai ciwo mai jini a jiki ya faɗa tun yanzu.

Da bai nuna mana da bakin gwafarsa ba, da na wuce na farkon ban gani ba. A gindin wata tsamiya yake kwance, haɓa a ƙasa, ƙafafu a baje, launinsa da na busasshiyar ƙasar ɗaya. Na ɗauka gungume ne. Sai da idona ya zauna na fara rarrabe abubuwa: farata baƙaƙe masu lanƙwasa kamar lauje, fatar wuya ta yi ninki-ninki, bindi mai kaurin cinyar ƙato. Daga hanci zuwa ƙarshen bindin ya doshi mita uku. Fatar kamar sulke, kuma sulken ne na gaske, domin a cikinta akwai 'yan ƙananan ƙasusuwa jere da ke kare shi daga cizon 'yan'uwansa. Ƙudaje na sauka a gefen bakinsa suna tashi. Mun fi minti ashirin tsaye, ko ƙifta ido ban ga ya yi ba.

Ƙanena ya raɗa mini, "Yaya, anya kuwa yana da rai?"

Kamar ya ji. Ya ɗaga kai a hankali, sai ga harshe ya zaro, dogo, rawaya, mai baki biyu irin na maciji. Ya kaɗa shi a iska, ya taɓa ƙasa, ya mayar. Ya sake. Da wannan harshen yake karanta duniya. Yana kwaso ƙurar wari daga iska ya kai ta wani ɗan gurbi a ganɗarsa, can ake tantance mene ne, kuma da yake bakin harshen biyu ne, yana gane ta wane ɓangare warin ya fi ƙarfi. In iska ta yi masa daidai, yana jin mushe daga nisan kilomita da dama. Macizai ma haka suke yi. Tun daga ranar na daina ɗaukar zaro harshen maciji a matsayin barazana, tambaya kawai yake yi.

Wannan kwanciyar da muka gani ita ce sirrin rayuwarsa gaba ɗaya. Mu da zaki da kare jikinmu kullum cikin ƙona abinci yake don jini ya zauna da ɗumi, shi ya sa yunwa ba ta ba mu hutu. Shi kuwa rana ce murhunsa. Da safe ya fito daga rami ya shanya jikinsa, in ya ɗumama ya ɗan zaga, rana ta take ya nemi inuwa. Farautarsa ma yawanci jira ce. Ya sami hanyar da barewa ke bi zuwa ruwa, ya lafe a ciyawa, ya yi ta zama. In ta zo dab, ya zabura da gudun da kan kai kilomita 20 a awa, amma na ɗan taƙi ne, ba ya dogon bi. In ya dace, yana iya cinye abin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin jikinsa a zama ɗaya, daga nan ya shafe makonni bai sa komai a baki ba. Tsibiri mai fari irin Rinca ba zai iya ciyar da zakuna masu yawa ba, amma ga shi yana riƙe da ora sama da dubu. Na daɗe ina jin kirarin damo sarkin haƙuri, a gindin tsamiyar nan na ga abin da haƙurin ke saya wa mai shi.

Me ya sa ƙadangare ne ke sarauta a nan, ba damisa ba? Teku ne ya raba gardama. Tsakanin tsibiran Bali da Lombok, can yamma da nan, akwai mashigi mai zurfi wanda bai taɓa ƙafewa ba ko a zamanin da ruwan teku ya ja baya, shi ne iyakar dabbobi da masanin halittu ɗan Birtaniya Alfred Russel Wallace ya lura da ita a shekarun 1850. Manyan masu farauta na Asiya ba su ƙetaro ba. Kakannin ora kuwa ta ɗaya ɓangaren suka zo, don an tono ƙasusuwansu a Ostireliya. Babu kura, babu ungulu a tsibiran nan, saboda haka aikin farauta da aikin kwashe mushe duk a kansa suke. Kusan ba ya barin komai, har fata da kofato yana haɗiyewa, daga baya ya amayar da dunƙulen gashi da ƙaho da haƙora. Jagoranmu ya nuna mana kashinsu a kan hanya, fari fat kamar alli, gashin barewa a cakuɗe ciki.

Amma kada a ɗauka zaki ne mai saɓa. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa, duk da yawansu, ba sa rage garken barewa da aladun daji yadda manyan namun daji masu shayarwa ke yi, saboda cinsu kaɗan ne. Abin da ya fi fitowa fili shi ne su ne ke dogara da barewar. A ƙananan tsibirai irin Gili Motang da Nusa Kode, inda barewa ba ta da yawa, ora ɗin ma ƙanana ne, ba sa kusantar girman na Rinca da Komodo.

Daga nesa muka hango ɓauna kwance cikin ɗan taɓon da ya rage a wani rafi. A nan na yi tambayar da kowane baƙo ke yi: da gaske ne yawun bakinsu cike yake da ƙwayoyin cuta masu kisa? Haka aka yi ta faɗa shekara da shekaru. A 2009 wani masani, Bryan Fry, tare da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai jakunkunan dafi a muƙamuƙin ƙasa na ora, dafin da ke hana jini daskarewa kuma yana saukar da ƙarfin bugunsa. Har yanzu masana na ja-in-ja kan ko dafin ne ke kisa ko raunin, domin haƙoransa kusan 60 ne, masu baki irin na zarto, kuma a 2024 aka gano cewa gefen kaifinsu lulluɓe yake da sinadarin ƙarfe. Ɓauna dai ba 'yar asalin tsibirin ba ce, mutane suka kawo ta. In an cije ta ta tsira, sai ta gudu cikin gurɓataccen ruwa ta kwanta, can ciwon ke ruɓewa. Daga nan labarin yawu mai cuta ya samo ƙarfi.

Washegari muka wayi gari a Loh Liang, a tsibirin Komodo kansa. Daga nan ne labarin dabbar ya fita duniya: a 1910 wani hafsan sojan Holan, van Steyn van Hensbroek, ya bi jita-jitar kadan tudu har ya samo fata, a 1912 kuma Peter Ouwens na gidan tarihin dabbobi da ke Bogor, a tsibirin Java, ya bayyana ta a rubuce. Akasarin abin da aka fara sani game da halinta daga Walter Auffenberg ya fito, Ba'amurken da ya kwaso iyalinsa a 1969 suka zauna wata 11 a tsibirin yana bin sawunta.

A nan muka yi tafiyar ƙasa sosai, kuma a nan na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Cikin wani kwari mai inuwa akwai tsibin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ya kai ƙugu, faɗinsa kamar ɗaki. Ba ora ta tara shi ba. Aikin wata tsuntsuwa ce mai kama da kaza, mai ƙafafu ruwan lemo, wadda ba ta kwanci. Tara tsibi take yi ta binne ƙwanta ciki, zafin ruɓewar ganye da na rana su ƙyanƙyashe mata. Macen ora ta gane amfanin wannan ɗaki da aka riga aka gina, fiye da rabin sheƙunansu a irin wannan tsibi ake samu. A gefensa kuwa ga uwar kwance, ta rame har ƙasusuwan ƙugunta sun fito, ƙura ta rufe mata baya. Ramuka huɗu na ƙirga a jikin tsibin. Jagoran ya ce ɗaya ne kawai ke da ƙwai, sauran na ɓad da sawu ne. Ƙwai kamar 20 take zubawa, ta yi watanni tana gadi, da ƙyar take cin wani abu, tana korar aladu da sauran ora. Sai bayan wata bakwai zuwa takwas, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da damina ta bar ƙwari ko'ina, 'ya'yan ke fasowa. Na tsaya ina kallonta, tausayinta ya kama ni. Ban taɓa zaton zan ji haka game da ƙadangare ba.

Ranar da suka fito kuwa babu uwa babu uba. Kowa ya ruga ya haye bishiya, don manya na cin ƙanana. Shekarunsu na farko a sama suke yi, cikin kogon itace da ƙarƙashin ɓawo, suna cin fara da tsaka da ƙwan tsuntsaye, har sai nauyi ya hana su hawa. Mun ga ɗaya manne a jikin wata matacciyar giginya, bai fi tsawon hannu ba, jikinsa da ɗigo-ɗigon rawaya da kore, idonsa tar a kanmu. Wato ora ɗaya rayuwa biyu yake yi, ta sama da ta ƙasa. In aka sare tsofaffin itatuwa masu kogo, ko aka ƙarar da tsuntsuwar nan mai tara tsibi, an taɓa shi ko da ba a ɗaga masa sanda ba.

Muna dawowa wani abu ya gilma tsakanin itatuwa biyu kamar busasshen ganye, ya manne a jikin na biyun. Ɗan ƙadangare ne siriri mai shawagi. Haƙarƙarinsa ne ke buɗewa ya shimfiɗa fata kamar laima, ya sulalo a iska daga wannan itace zuwa wancan. Tururuwa yake ci.

A ƙauyen Komodo muka kwana. Musulmi ne masunta, gidajensu a kan dogayen turaku, awaki na yawo a ƙarƙashi. A maƙabartarsu na ga an jibga duwatsu kan kaburbura, saboda ora na tono. Ba wasa ba ne zama da wannan maƙwabci: a 2007 ɗaya ya kashe yaro ɗan shekara takwas a tsibirin. Duk da haka ba sa maganarsa da ƙiyayya. Suna da tsohon labari cewa wata gimbiya ta haifi tagwaye, ɗaya mutum ɗaya ora, don haka ɗan'uwa suke ɗaukarsa. A 2019 hukumomin lardin suka yi shirin rufe tsibirin da tashin mutanen ƙauyen da sunan kare dabbar, mutanen suka ƙi, aka janye. A ganina sun yi gaskiya. Mutanen da suka yi ƙarni bayan ƙarni da ora a bayan gida bai ƙare ba, ba su ne abin tsoro gare shi ba.

Bayan sallar isha'i, wata ƙatuwar tsaka da ke saman rufin ta fara kiran sunanta, to-ke, to-ke, har sau bakwai, sannan ta koma kamun kyankyasai. Lokacin ne jagoranmu da wani abokin aikinsa suka zo da tocila, za mu duba macizai a wani busasshen rafi bayan gari. Ƙanena ya ce, "Yaya, ni dai a dawo lafiya." Ban ga laifinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, yawancinsu manoma da makiyaya da ke nesa da asibiti. Ni ma da tsoron na tashi, da shi kuma na bi bayansu.

Macizan tudu iri 12 aka ƙididdige a gandun. Akwai kumurci mai feshin dafi a ido. Akwai wani mai kama da kasa, gajere mai kauri, da zanen sarƙa a baya, wanda ke kwanciya cikin ciyawa yana huci in an matso. Shi ma'aikatan suka fi shakka, fiye da ora. Amma ɓeraye ne abincinsa, kuma inda aka ƙarar da irinsa ɓera ke samun sarari a rumbu da gona. Ƙadangaren bakin tulu ke nan, a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Abin da na ga suna yi shi ne takalmi mai rufi, da fitila, da duba inda za a taka.

Mun yi kusan awa ba mu ga komai ba sai wata tsohuwar saɓa maƙale a ƙaya. Can sai hasken tocila ya tsaya cak a kan wani reshe da bai wuce gwiwa ba, bisa wani ɗan gurbi mai sauran laima. Shuɗi ne. Shuɗi mai haske irin na sama bayan an ɗauke ruwa, kamar wani ya zauna ya rina shi. Kaurinsa bai fi babban yatsa ba. Ya naɗe bindi a reshen, ya lanƙwasa wuya, kansa mai kusurwa uku na kallon ƙasa. Irinsa a sauran tsibirai galibi kore ne, a Komodo aka fi sanin shuɗin. Jagoran ya ce in duba tsakanin ido da hanci. Akwai ɗan rami a kowane gefe. Da shi yake jin ɗumin jikin ɓera cikin duhun da ido ba ya aiki. A haka zai kwana, wataƙila gobe ma a reshen nan za a same shi, yana jiran kwaɗo ko tsaka ko ɓera ya biyo. Haƙurin da na gani a gindin tsamiya, shi ne nan a jikin abin da bai kai nauyin wayar hannu ba. Muna taku uku daga gare shi, bai nuna ya damu da mu ba. Gwiwata na rawa, amma na kasa ɗauke ido. Da aka kawar da hasken muka juya, sai na ji ina yi masa fatan samun abin da yake jira.

A rana ta uku, kan hanyar tsibirin Padar, yaron jirgi ya ƙwala mana kira. Wani macijin teku ne ya taso shan iska, zobe baƙi zobe toka-toka, bindinsa a baje kamar filafili. Cikin murjani yake farautar wani kifi mai siffar maciji, amma ƙwai da saɓa da shan ruwan daɗi duk sai ya hau tudu. Dafinsa mai ƙarfi ne ƙwarai, sai dai ba mafaɗaci ba ne. Ya shaƙi iska sau ɗaya ya nutse.

Padar shi ne tsibirin da kowa ke hawa don ɗaukar hoto, inda ake hango mashigai uku lokaci guda, kowace da launin yashinta. Kyau kam akwai shi. Amma ni labarinsa ne ya hana ni sakewa. Da can akwai ora a nan. Mafarauta suka yi ta shigowa suna harbin barewa har ta yi ƙaranci, a shekarun 1970 ora suka ɓace daga tsibirin, ba tare da an bi su ɗaya-ɗaya an kashe ba. Sai da aka tsare barewar ta farfaɗo, sannan a 'yan shekarun nan aka sake ganin 'yan tsiraru. A 2021 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta mayar da ora cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, saboda hawan ruwan teku na barazanar cinye kwaruruwan bakin gaɓa, inda inuwa da barewa da tsibin ƙwai suke, ga kuma gonaki da gidaje na matse na Flores. Ora ya iya iyo, amma bincike ya nuna da wuya ya bar kwarin da aka ƙyanƙyashe shi.

Da muka sauko, sauran baƙi suka nufi jiragensu, jagoranmu kuwa ya ratse ta bakin yashi, kansa a sunkuye. Na bi shi. Barewa uku na tsaye a inuwar dutse, sawunsu ya cika wurin. Na ce, "Pak, me ake nema?" Da bakin gwafa ya zana mini a ƙasa: layi ɗaya mai karkace-karkace, sawun farata dama da hagu. Jan bindi ke nan. Ya ce duk zuwan da ya yi Padar sai ya duba. Muka bi gaɓar har inda yashi ya ƙare duwatsu suka fara, ƙanena na ɗaga mana hannu daga jirgi, matuƙi na cewa ruwa ya fara ja. Jagoran ya ce in ba shi minti biyar, akwai wani ɗan lungu bayan dutsen can da bai leƙa ba tukuna.